Yadda Ake Nemo Kwafin Takardun Shari'a a Kotunan Kano

Da yawa daga cikin masu zuwa kotu neman takarda ba shari'a ce ta kawo su ba. Wani gidan gado zai sayar, mai saye ya ce sai ya ga takardar rabo. Wata aure za ta sake yi, ko biza take nema, an ce ta kawo shaidar mutuwar aurenta na baya. Wani kuwa, banki ne ya riƙe kuɗin mahaifinsa da ya rasu. Wani kuma kayar da shi aka yi, yana son ɗaukaka ƙara, ga kwanaki suna tafiya. Dukkansu abu ɗaya suke bukata: kwafin da kotu da kanta ta tabbatar, wanda lauyoyi da ma'aikatan rajista, wato ofishin takardun kotu, ke kira CTC. Fotokwafin da aka yi a shagon bakin titi ba ya cin wannan suna, komai kyawunsa.

Dokar Shaida ta 2011 ce ta tsara lamarin. Sashe na 102 ya sanya takardun kotu cikin takardun hukuma. Sashe na 104 kuma ya ce jami'in da takardar ke hannunsa zai bai wa wanda ke da haƙƙin duba ta kwafi idan ya nema, ya kuma biya kuɗin da doka ta yanka. A ƙasan kwafin za a rubuta cewa ya yi daidai da na asali, a sa kwanan wata, jami'in ya sa hannu tare da sunansa da muƙaminsa, a buga hatimi idan ofishin yana da shi. Shi ainihin fayil ba ya barin hannun kotu. Duk wanda ya ce zai fito maka da orijinal, ko dai bai san aikin ba, ko kuma zai jefa ka cikin laifi.

Wannan bayani ya shafi shari'o'in da ba na laifi ba ne, wato na haƙƙi tsakanin mutum da mutum: aure, gado, bashi, fili, haya, kwangila da makamantansu.

Wace kotu ce ta yi shari'ar?

Kowace kotu ita ke riƙe da rajistarta da fayilolinta. Magatakardan wata kotu ba shi da ikon tabbatar da takardar wata, ko da kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsu. Saboda haka aikin farko shi ne gano gidan takardar, kuma irin rikicin da aka yi shi zai nuna maka hanya.

Idan batun aure ne na Musulunci, saki, hul'i, ciyarwa, riƙon 'ya'ya, rabon gado, wasiyya ko kyauta, kotunan shari'ar Musulunci za ka dosa. Akwai manya, irin na Ƙofar Kudu, Shahuci, Filin Hoki da Rijiyar Lemo, akwai kuma ƙanana da ke unguwanni kamar Fagge da Gama. A kula: harabar guda kan ƙunshi kotu fiye da ɗaya, kowace da alƙalinta da magatakardanta. Cewa "a Ƙofar Kudu aka yi" bai wadatar ba, sai an san wace kotu ce a ciki.

Kotunan majistare, irin na Nomansland, Gyadi-Gyadi da Gidan Murtala, mutane sun fi saninsu da shari'ar laifi, amma suna sauraron ƙarar bashi da rikicin haya. A ƙarƙashinsu ne kotun ƙananan basussuka take, wadda Kano ta fara a 2019.

Babbar Kotun Jiha tana zama a Sakatariyar Audu Bako da kuma Miller Road a Bompai. Nan ake kai manyan ƙararrakin kwangila da diyya, da rikicin fili mai takardar mallaka ta gwamna, domin sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya keɓe mata irin wannan. Nan ne kuma ake raba auren da aka ɗaura a rajistar gwamnati, sannan sashenta mai kula da dukiyar mamata shi ke ba da takardar izinin karɓar dukiyar wanda ya rasu, wadda bankuna da kamfanonin fansho kan nema. Idan rikicin ya shafi harkar rajistar kamfani, kwastan ko wasu al'amuran gwamnatin tarayya, sai Babbar Kotun Tarayya da ke Court Road a Gyadi-Gyadi. Rikicin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki, kamar kora ko haƙƙin sallama, yana Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, reshen Kano.

Sai tambayar da mutane ke mantawa: an ɗaukaka ƙara ko ba a ɗaukaka ba? Hukuncin kotun farko ba shi da amfani idan ta sama ta rushe shi. Ƙarar da ta taso daga kotun Musulunci kuma ta shafi aure, gado, wasiyya, waƙafi da riƙon yara tana tafiya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, kamar yadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanada. Wadda ba ta cikin wannan rukuni, kamar cinikin gida ko bashi, Babbar Kotu take zuwa ko da daga kotun Musulunci ta taso. Daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya. Yanzu tana da reshe a Kano, amma a da Kaduna ake zuwa, don haka tsohon hukunci na wannan mataki yana iya kasancewa da lambar Kaduna.

Lambar shari'a

Ba a ajiye fayil da sunan mutum. Da lamba ake ajiye shi. Mai lamba a hannu zai iya gama neman fayil cikin zama ɗaya. Wanda ya zo da suna kawai yana iya yin mako yana sintiri.

Lambar tana saman kowace takarda da ta fito daga shari'ar, kuma siffarta kan gaya maka kotun. Ta Babbar Kotun Kano kan fara da K, misali K/000/2019. Ta Babbar Kotun Tarayya FHC/KN/CS ce, ta Kotun Ma'aikata NICN/KN, ta Kotun Ɗaukaka Ƙara reshen Kano CA/KN, ta Kaduna kuma CA/K. A kotunan Musulunci za ka fi ganin CV a gaban lambar shari'ar da ba ta laifi ba. Shekarar da ke ƙarshen lambar ita ce shekarar da aka shigar da ƙara, ba wadda aka yanke hukunci ba. Nan ake yawan ɓata: mutum ya tuna an yanke hukunci a 2018, ya sa a yi ta bincika rajistar 2018, alhali a 2014 aka shigar da ƙarar.

Idan babu lambar, kafin ka je kotu ka fara da gida. Duba jakar takardun mamacin ko akwatin tsohuwa: tsohon sammaci, rasit na kuɗin shigar da ƙara, takardar sanarwar ranar zama, wasiƙar lauya, duk suna ɗauke da ita. Idan lauya ya tsaya a shari'ar, ofishinsa ne wuri mafi sauƙi, domin lauyoyi suna riƙe nasu fayil. Mai unguwa ko dattijon da ya je shaida kan tuna kotun da alƙalin. Ko abokin shari'ar ma, in an shirya, yana iya samun takardarsa.

In duk wannan bai yi ba, sai a nemi binciken rajista. Kowace kotu tana da littafin da take rubuta ƙararraki bi da bi yadda suka shigo, shekara-shekara. Ka ba ma'aikacin cikakken sunan mai ƙara da na wanda ake ƙara, abin da aka yi rikici a kai, da shekara biyu ko uku da kake zato. Ka kawo sunan ta kowace fuska da za a iya rubuta shi: Muhammad ko Mohammed, Abubakar ko Garba ko Habu, mace da sunan mahaifinta ko na mijinta, ɗan kasuwa da sunansa ko da sunan kamfaninsa. A shari'ar gado sau da yawa sunan magaji ɗaya ne ke fitowa, sai a ce "da wasu mutum biyar". Idan kai cikin biyar ɗin kake, neman sunanka a rajista ɓata lokaci ne. Ka tambayi wanda ya wakilci gidan.

Wace takarda kake so a cikin fayil ɗin?

"A ba ni takardar shari'ata" ba buƙata ba ce da ma'aikacin rajista zai iya aiki da ita. Fayil ɗaya yana iya ƙunsar shafi ɗaruruwa, kuma kowane shafi kuɗi ne. Kafin ka rubuta komai, koma wa wanda ya ce ka kawo takardar, banki ne ko ofishin filaye ko lauya, ya faɗa maka sunanta daidai, in da hali a rubuce.

Hukunci shi ne cikakken bayanin alƙali: da'awa, shaidu, dalilai, da abin da ya yanke. Takardar umarni kuwa gajeriya ce, shafi ɗaya ko biyu, tana ɗauke da abin da kotu ta ce a yi kawai, kamar hana taɓa fili ko sakin kuɗi. Banki da 'yan sanda sun fi son wannan, don ba su da lokacin karanta shafi arba'in. Kwafin zaman shari'a shi ne duk abin da aka rubuta tun ranar farko har ƙarshe, wanda ya zo da wanda bai zo ba, abin da kowane shaida ya ce. Shi ake buƙata wajen ɗaukaka ƙara, kuma shi ya fi kowanne cin lokaci.

A kotunan Musulunci akwai wasu takardu biyu da ake yawan nema. Ɗaya takardar shaidar rabuwar aure, ta saki ko ta hul'i. Ɗaya kuma takardar mallaka da kotu kan bai wa wanda gida ko gona ta faɗo a rabonsa, ko wanda ya saya ta hannun kotu. Wannan ta biyun a duba ta da idon basira, domin ita ake kaiwa ofishin filaye idan za a nemi takardar gwamnati. Idan iyakokin gabas da yamma, kudu da arewa ba su yi daidai da abin da ke ƙasa ba, ko an rubuta sunan maƙwabci ba daidai ba, rigima ce aka ajiye wa 'ya'ya.

Wanda aurensa na rajista ne ya sani cewa hukuncin farko na raba auren na wucin gadi ne. Sai bayan wata uku yake tabbata, kuma takardar tabbatarwar ce ofishin jakadanci zai tambaya.

Akwai kuma hujjojin da aka miƙa wa kotu yayin shari'a, kamar yarjejeniyar ciniki ko takardar fili. Waɗannan sau da yawa ba sa cikin fayil, suna wurin mai ajiyar hujjoji. Idan orijinal ɗinka ne ka miƙa kuma shari'a ta ƙare, lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce, abin da za ka nema shi ne a sakar maka kayanka, ba kwafi ba, kuma wannan buƙata ce daban.

Rubuta takardar nema

Magana ta baka ba ta barin sawu. A rubuta, kwafi biyu. Ga kotun Musulunci Hausa ta wadatar. Ga Babbar Kotu, kotunan tarayya da majistare, da Turanci ake rubutawa, domin shi ne harshen aikinsu. Ana aika ta ga magatakardan kotun da ta yi shari'ar. A Babbar Kotu akan sa sunan ofishin Babban Magatakarda, ta hannun magatakardan kotun. Siffarta ba ta wuce haka ba:

"Zuwa ga Magatakarda, Babbar Kotun Shari'ar Musulunci ta wuri kaza. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne wane ɗan wane, mai ƙara na biyu a shari'a mai lamba kaza, tsakanin wane da wane, wadda aka yanke hukuncinta ranar kaza ga watan kaza, shekarar kaza. Ina roƙon a ba ni tabbataccen kwafi guda uku na hukuncin, da guda ɗaya na takardar rabon gado, domin miƙa wa banki. A shirye nake in biya kuɗin da doka ta tanada. Na gode."

Sai sa hannu, kwanan wata, adireshi da lambar waya. Haɗa da fotokwafin katin shaidarka, na ɗan ƙasa ko na zaɓe ko fasfo, da fotokwafin duk wata takarda da ke nuna lambar shari'ar. Idan a madadin wani kake nema, ka zo da takardar wakilci da sa hannunsa. Idan mai shari'ar ya rasu, ka zo da shaidar rasuwa da abin da ke nuna dangantakarku.

Lokacin miƙawa, ka sa a buga maka tambarin karɓa da kwanan wata a kan kwafinka. Wannan ɗan tambarin shi ne makaminka duk ranar da aka ce ba a ga takardarka ba. Ka kuma rubuta sunan wanda ya karɓa.

Ba dole ba ne sai da lauya. Wanda ke cikin shari'a yana iya nema da kansa, kuma a kotunan Musulunci haka akasari ake yi. Amma idan ɗaukaka ƙara ce a gaba, ko fayil ɗin ya tsufa, lauya zai rage maka wahala, don ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Biyan kuɗi

Bayan an amince da buƙatarka, ma'aikacin rajista zai ƙididdige kuɗin bisa yawan abin da za a kwafa, ya rubuta a jikin takardarka. Farashin yana cikin jadawalin dokokin kowace kotu kuma yana canzawa, don haka ka nemi a nuna maka lissafin. Ka biya inda aka tanada, wurin kashiya ko banki; kotunan tarayya ta Remita ake biya. Ka karɓi rasit.

Rasit ba wai don kare aljihunka kawai ba ne. A shari'ar Tabik Investment da bankin GTB a 2011, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa biyan kuɗin doka yana cikin sharuɗɗan tabbatar da kwafi. Ma'ana, wanda ya miƙa wa wani na goro aka buga masa tambari ta bayan fage, ya fita da takardar da lauyan abokin gaba zai iya ƙalubalanta ranar da aka fi buƙatarta. Shi ya sa a kwafi mai kyau za ka ga an rubuta adadin kuɗin da lambar rasit kusa da tambarin. 'Yan kamashon da ke tare mutane a bakin ƙofa suna cewa "kawo a yi maka yau-yau", nan ne suke cutar da jama'a, wani lokaci ma tambarin nasu na bogi ne.

Gaskiya ce kuma cewa a wasu rajistoci za a ce ka biya kuɗin fotokwafi ko na buga rubutu daban, saboda injin ofis ba ya aiki ko babu wuta. Idan haka ta taso, ma'aikacin kotu ne zai ɗauki fayil zuwa wurin kwafi, ba kai ba. Kada ka yarda a damƙa maka fayil a hannu. In shafi ya ɓace, kai za a tuhuma.

Ka nemi kwafi fiye da ɗaya tun farko. Lauyoyi sun daɗe suna jayayya a kan ko fotokwafin tabbataccen kwafi yana karɓuwa a kotu, kuma ofisoshi da dama sukan riƙe wanda ka ba su. Uku a lokaci ɗaya sun fi araha a kan dawowa sau uku.

Me ke jawo jinkiri?

Yawancin alƙalai da hannu suke rubuta zaman shari'a a babban littafi, kuma littafi ɗaya yana ɗauke da shari'o'i da yawa a cakuɗe, bisa ranakun zama. Kafin a ba ka kwafin zaman shari'a, sai an bi littattafan an tsinto duk ranakun da aka saurari taka, an buga a kwamfuta, an karanta an gwada da rubutun alƙali, sannan a sa hannu. Shari'ar da ta yi shekara huɗu tana iya warwatsuwa a littafi biyar ko shida. Ga shi kuma littafin da ake buƙata wataƙila shi ne ke gaban alƙali yana aiki da shi, sai ya tashi daga zama. Wannan ne dalilin da hukunci ko umarni kan fito cikin kwanaki, kwafin zama kuwa ya ɗauki makonni.

Game da hukunci, doka tana bayanka. Sashe na 294 na Tsarin Mulki ya wajabta wa manyan kotuna su yanke hukunci a rubuce cikin kwana 90 bayan kammala shaidu da jawaban ƙarshe, su kuma bai wa ɓangarorin shari'a ingantaccen kwafi cikin kwana 7 da yanke shi. A aikace ba kullum ake cika kwana bakwai ɗin ba, amma ambaton sashen a takardar tunatarwa yana sa a ɗaga kai a dube ka.

Zuwa da safe ya fi, kafin alƙali ya shiga zama ma'aikata su koma cikin kotu. Juma'a rabin rana ce. Lokacin dogon hutun manyan kotuna, wajen Agusta zuwa Satumba, rajista tana buɗe, amma abin da ke buƙatar sa hannun alƙali yana iya jira. Yajin aikin ma'aikatan shari'a kuwa rufe ƙofa yake gaba ɗaya, kamar na 2021 da ya haura wata biyu.

Wanda zai ɗaukaka ƙara ya riƙe wannan da kyau: jiran kwafi ba ya tsayar da lissafin kwanaki. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara wata 3 ne idan hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 kacal idan hukunci ne na tsakiyar shari'a. Daga ƙananan kotuna yawanci kwana 30 ne. A shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara cikin lokaci, a ci gaba da bin kwafi. Dokokin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2021 sun bai wa magatakarda kwana 60 ya haɗa kundin shari'a ya aika. Idan bai yi ba, mai ɗaukaka ƙara yana da kwana 30 ya haɗa da kansa. Wanda ya zauna yana jiran rajista har waɗannan kwanaki suka wuce, ƙararsa na iya fuskantar kora.

Kafin ka bar wurin

Zauna a benci ka karanta. Duba lambar shari'a da sunan kotu da na alƙali. Duba sunayen mutane harafi-harafi, ka gwada da katin shaida da takardun banki, don bambancin Sani da Sanusi ya isa a dawo da kai. Duba alƙaluman kuɗi, lambar fili, ranar hukunci. Ƙirga shafuka ka ga ko sun bi juna, ka tabbata na ƙarshe mai sa hannun alƙali yana nan, kuma kwafin yana karantuwa har gefe-gefe. Sannan ka duba tambarin: rubutun tabbatarwa, kwanan wata, sa hannu, suna, muƙami. Wanda aka fi mantawa shi ne suna. Sai a ga sa hannu a kan tambari ba a san na wane ne ba. Ka roƙa a rubuta. Ya fi kyau a buga tambari a kowane shafi, ba na ƙarshe kaɗai ba.

Idan kuskuren daga mai buga rubutu ne, rajista za ta gyara. Idan kuwa a ainihin hukuncin yake, magatakarda ba shi da ikon taɓa ko harafi ɗaya. Sai an koma gaban alƙali da roƙon gyaran kuskuren alƙalami. Kada ka gyara da biro da kanka, kada ka cire fil ɗin da aka haɗe shafukan da shi, kada kuma ka kai a manne takardar da leda, domin wasu ofisoshi ba sa karɓar takardar da ba za su iya taɓa tambarinta ba. Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, ka ajiye rasit tare da ita.

Idan aka ce ba a ga fayil ba

Sau da yawa fayil bai ɓata ba, tafiya ya yi. Wataƙila an mayar da shari'ar wata kotu, ko an aika shi sama saboda ɗaukaka ƙara, ko yana sashen zartar da hukunci, ko an kai shi ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli. Ka roƙa a duba littafin da ake rubuta fita da shigar fayil. Sauya wa alƙali wurin aiki ko ritayarsa ba ya tafiya da takardu. Littattafan na kotu ne.

Wani lokaci kuwa ɓatan na gaske ne: ruwa, gara, gobara, ko ɓarna irin wadda aka yi ranar 1 ga Agusta 2024, lokacin da ɓata-gari suka afka wa Babbar Kotu a Sakatariyar Audu Bako yayin zanga-zanga, suka lalata ofisoshi suka watsa takardu. Ko a nan akwai dabara. Littafin alƙali daban yake da fayil, don haka ana iya fitar da hukunci daga cikinsa. Idan an taɓa ɗaukaka ƙara, kotun sama tana da cikakken kundi. Lauyoyin ɓangarorin biyu suna da kwafin abin da suka shigar, kuma da izinin kotu ana iya haɗa fayil na wucin gadi daga gare su. Idan duk an rasa, ka nemi rajista ta ba ka amsa a rubuce cewa an bincika ba a samu ba. Da ita lauya zai san abin da zai roƙi kotu.

Wanda ba ya cikin shari'ar

A bainar jama'a ake shari'a, kamar yadda sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ce, kuma hukunci takardar hukuma ce. Ɗan jarida, ɗalibi, ko mai son sayen gida yana iya nema, sai dai ya bayyana dalilinsa, kuma akan kai buƙatarsa gaban alƙali ko Babban Magatakarda. Samun hukunci ya fi sauƙi a kan samun dukkan fayil. Abin da ya shafi yara, sirrin aure ko lafiyar mutum, kotu na iya hanawa, kuma tana da hujja. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 tana ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta shafi jihohi ma, amma ga takardar kotu hanyar rajista ta fi gajarta.

Mai sayen gida ya yi hattara da abu ɗaya. Rashin ganin ƙara a kotu ɗaya ba ya nufin babu ƙara. Idan gidan gado ne, ka karɓi lambar shari'ar daga mai sayarwa, ka je kotun da kanka ka nemi naka kwafin, ka tambaya ko an ɗaukaka ƙara. Kada ka dogara da wanda ya miƙo maka.

Tsofaffin shari'o'i, fassara, da kai takarda waje

Sunan kotu na iya canzawa takardunta suna nan. Kotunan alƙalai na zamanin En'e sun koma kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha a 1968, su kuma aka mayar da su kotunan shari'ar Musulunci a 2000. Takardar da ke ɗauke da sunan tsohuwar kotun yanki, a nemi kotun da ta gaje ta. Shari'ar da aka yi a Haɗeja, Gumel, Kazaure ko Dutse kafin 1991, ko da an rubuta Jihar Kano a samanta, yanzu Jigawa za a bi. Na zamanin Turawa kuwa, waɗanda da yawansu da Larabci aka rubuta, masu bincike kan neme su a Gidan Ɗan Hausa ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna.

Takardar kotun Musulunci da Hausa take fitowa. Idan za ta shiga Babbar Kotu ko ofishin jakadanci, sai an fassara ta zuwa Turanci. Ka fara tambayar rajistar kotun ko tana yin fassarar ta tabbatar da ita. Idan wani ne zai yi, ya sa sunansa da sa hannunsa, ya yi takardar rantsuwa gaban kwamishinan rantsuwa cewa fassarar daidai ce, a haɗa ta da kwafin Hausar. Kalmomi irin su hul'i, idda da tumunin mata su ne inda mai fassara marar sanin fiƙihu ke yin ɓarna. Takardar da za a yi amfani da ita a wata ƙasa kuma akan buƙaci Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta tabbatar da ita, sannan ofishin jakadancin ƙasar ya buga nasa tambarin. Tambayi ofishin jakadancin tsarinsa kafin ka fara kashe kuɗi.

Idan ka biya, ka jira, ka tunatar a rubuce, har yanzu shiru, ko aka fito fili aka nemi cin hanci, matakin gaba shi ne Babban Magatakarda: na Babbar Kotu idan majistare ce ko Babbar Kotu, na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci idan kotun Musulunci ce. Sama da su akwai Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha, wadda ke ladabtar da ma'aikatan kotu, da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano. Takardar ƙorafin ta zama gajeriya, ba zagi: lambar shari'a, ranar da ka nema, abin da ka biya, wanda ka gani da abin da ya ce. Ka liƙa fotokwafin takardar nemanka mai tambarin karɓa da na rasit, ka riƙe na asali a hannunka.